Ruwan Rijiyar Tudun Gawo

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya tsara magana ba, kuma a bayan littafin makaranta nake yi a ɓoye, don in Yaya Nafi'u ya gani na shiga uku da tsokana.

An yi wani sarki a Tudun Gawo, Mamuda, wanda ya kafa ƙungiyar masu yashe rijiyar gari duk bazara, aiki don Allah, kada jama'a su rasa ruwa. Rannan ya sa aka bincika masa dalilin zuwan kowa. Ashe Ɗanbala tuwon gayya ke kawo shi, shi kuwa Tanimu so yake baban Hajjo, yarinyar da yake nema da aure, ya ga ƙarfinsa.

Sarki ya fusata, ya ce, "Waziri Sambo, kwana uku na ba ka, ka tace min masu ikhlasi, sauran a kore su. In ka kasa, ka ajiye rawani."

Waziri ya san in aka kori waɗannan ba mai shiga rijiya, ga rani ya matso. Rana ta uku ya zo da ƙwarya cike da ruwa, ya durƙusa.

"Allah ya ba ka nasara, a kurɓa, a faɗa wa bawanka wane ruwa aka haƙo don Allah, wane don tuwo."

Sarki ya sha, ya ce, "Ruwa dai ruwa ne."

"Haka marayun da ke shan ruwan ma suka ce, ranka ya daɗe. A yafe min tambaya ɗaya. Sunan da aka sassaƙa a bakin rijiyar, na wa ne?"

 Sarki ya tuntsire da dariya. "Nawa ne, Sambo. Ashe ni ma da nawa tuwon!"

Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya ce a ƙara wa Ɗanbala malmala biyu, a kuma aika wa baban Hajjo da goro. Ya ce, "Mai adalci aikin hannu yake aunawa, zuciya kuwa a bar wa wanda ya halicce ta."

Ni ma, gaskiya, ƙungiyar tsafta ta makarantarmu don Zulai na shiga, ita kaɗai ke min magana, amma ai ajin yana sharuwa. Ga Umma can tana kirana, kuma ban ɗora ruwan tuwo ba tukuna.