Ciyaman Mai Kiwon Bola

An yi wani mutum a wata unguwa, ba zan kama sunansa ba, don bai kai a ɓata baki a kansa ba. Mutane dai na ce masa Ciyaman, shi kuwa in ya ji sai ya ƙara buɗe kafaɗa.

Akwai wata babbar kwata da ta ratsa bayan gidajen unguwar, kullum a cushe da leda da robobin ruwa da gwangwanaye. Sai wata ƙungiya ta yi shela cewa za ta ba da tallafin kuɗi ga duk unguwar da ta tashi tsaye wajen rage shara da sake sarrafa ta. Ciyaman ya ji, kunnensa ya miƙe. Ya tattaro matan nan masu tsintar robobi suna sayarwa, waɗanda da ko gaisuwarsu ba ya amsawa, ya ɗinka musu riguna iri ɗaya, ya tsaya a tsakiyarsu aka ɗauki hoto. Tallafi ya fito.

Wata ukun farko an yi aiki, wannan kam ba za mu ci haƙƙinsa ba. Matan suka shiga kwata har gwiwa suka kwashe ta tas. Masu tallafi suka zo suka yaba, sannan suka ce tunda nan ta gyaru, kashi na gaba sai inda ƙazanta ta fi yawa.

Ya 'yan uwa, mutumin kirki in ya ji haka ai hamdala zai yi. Shi wannan kuwa ina! Ya tsaya bakin kwata yana kallon ruwa na wucewa fes, ransa a ɓace kamar an yi masa sata. Ya gane ranar da shara ta ƙare, ciyamancinsa ma ya ƙare.

To me ya yi? Buhunan robobin da ya ce ya kai kamfanin da ke narkar da su, bai kai ba. Ya kafa rumfa a bayan gidansa ya jibge su, ya sa kwaɗo. Duk lokacin da za a zo dubawa, sai a kwaso a watsa a wani lungu a ɗauki hoto, bayan kwana biyu a kwashe a sake ɗaukar wani, a mayar rumfa. Shara ɗaya aka ci kuɗinta sau huɗu. Wani awaki yake kiwo, wani kaji, shi kuwa bola yake kiwo, har da yi mata inuwa kada rana ta ɓata ta. Tir da wannan dabara!

Mahaifiyarsa tsohuwa ce, ƙafafu sun gaza, tana kwance a ɗakin ƙarshe na gidan, wanda bangonsa ke jingine da kwatar. Wata rana ta ce masa, “Ɗan nan, warin me nake ji ta taga?”

Ya ce, “Warin aiki ne, Inna. Shi ke sayo miki magani.”

Da damina ta kama, masu tallafi suka aiko cewa za su zo su ga ko babbar kwatar na buƙatar a sake ba da wani abu. Ciyaman ya sa aka juye rumfar gaba ɗaya a bakin kwalbatin da ke ƙasa da gidansa, har ya toshe. Sai baƙin suka ɗaga zuwansu da mako guda.

Babbar matan nan masu tsinta ta same shi a ƙofar gida. Ta ce, “Ranka ya daɗe, dubi hadarin nan. Bari mu buɗe wa ruwa hanya, ko ba ka biya mu ba.”

Ya ce, “Ke wa ya tambaye ki? Duk wadda ta taɓa ko leda ɗaya kafin baƙi su zo, ta ajiye min rigata.”

Kun ji fa. Ya san uwarsa na bayan bangon nan. Ya san ba ta iya tashi. Wace irin zuciya ce wannan?

Kwana uku bayan haka, da rana tsaka, yana wani ɗakin taro mai sanyi yana koya wa mutane tsafta, ruwa ya kece. Matarsa ta kira shi tana ihu. Kafin ya iso, ruwan da ya rasa hanya ya juyo cikin gidaje. Ya tarar da bangon bayan gidansa a ƙasa, robobi na yawo a falonsa, maƙwabta na ta jan katifu da yara. A kan tudu kuwa ga matan nan da ya wulaƙanta, jiƙe sharkaf, sun fito da tsohuwar a cikin baron kwasar shara, tana karkarwa. Babbarsu ta riga ta gaya mata komai.

Ya miƙa hannu zai ɗauke ta. Ta kau da kai, ta ce wa matar, “'Yar nan, kai ni gidan ƙanwarsa. Kada ki bari ya taɓa ni.”

Da baƙin suka zo, ba wanda ya rufa masa asiri. Buhunan da ke ɗauke da tambarinsu na nan birjik a titi. Suka janye tallafin daga unguwar baki ɗaya, har da matan da ba su ci ba, ba su sha ba. Gida ya rushe, matarsa ta tafi, in ya yi sallama a majalisa sai kowa ya tuna yana da uzuri.

Wannan duk mai sauƙi ne. Sanyin ruwan nan ya kama ƙirjin tsohuwar, ta yi wata biyu tana jinya. Sau bakwai yana zuwa ƙofar gidan ƙanwarsa, sau bakwai ƙanwar tana fitowa ta ce, “Yaya, ta ce ka koma.” A zuwa na takwas, ya tarar tsohuwar ta rasu, babu sauran mai aikowa a ce masa ya koma.

Ya 'yan uwa, kuɗin da aka ba ka don ka kawar da cuta daga mutane amana ne. Wanda ya raya cutar don ya ci gaba da ci, to ya sani ita ma za ta ci, kuma da mafi soyuwa gare shi za ta fara. Kowa ya duba bayan gidansa, ya duba zuciyarsa.

Allah ya tsare mu daga cin amana, ya kiyaye mu da fushin iyaye, ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.