Garwashin da Kunkuru Ya Ɓoye

Dalilin da ya sa kunkuru ba ya zuwa zance sai da damina, rowa ce ta ja masa. Ku matso ku ji. Ke Lantana, bar tsokanar ƙaninki.

Can da, wata tsohuwa, Iya Dudu, ta raba wa mazan dabbobi garwashi bibbiyu. Garwashin nan shi ke ɗumama jinin namiji, ya sa shi kwalliya da neman aure. Zakara ya karɓi nasa, ya haye danga yana cara. Bunsuru kuwa, ai kun san halinsa.

To, a lokacin maƙwabta kan shiga gidajen juna ɗiban wuta. Kunkuru ya ce, "Ni? Kullum safiya a yi mini sallama da kasko? Allah ya kiyaye!" Ya lulluɓe nasa da toka, ya cusa can cikin ƙoƙon bayansa, inda ko hannunsa ba ya kaiwa.

Ga shi yana son Kififiya ta bakin rafi. Ya je zance, aka shimfiɗa masa tabarma, ya buɗe baki, sai hamma. Garwashi ya lafa, jiki ya yi sanyi ƙalau. Kafin ta kawo ruwa har ya fara minshari.

Ta tashe shi ta ce, "Malam Kunkuru, zance ka zo ko barci? Damo ya turo magabatansa. In ruwan farko ya sauka ba ka ce komai ba, shi zan aura."

Hankalinsa ya tashi, don wallahi yana sonta. Ya garzaya, irin garzayawar kunkuru dai, wajen Iya Dudu.

"Iya, ki hura mini."

"Fito da shi."

"Ba ya fitowa."

"To ɗan nan, ta ina zan hura? Ka hana maƙwabta, ka hana kanka."

Ya juyo yana hawaye, ga hadari ya haɗu. Yana kan hanya iska ta taso, ta shige ta wuyan ƙoƙo, fuuu! Toka ta watse, garwashi ya yi jajir. Kai! Kunkuru ya miƙe wuya, ya nufi gidan su Kififiya, ya tarar da Damo a ƙofar gida, ya tunkuɗa shi rafi. Ya dinga zuba zance har Kififiya ta rufe fuska. Ɗigon farko na sauka ta ce ta yarda.

Damina na wucewa toka ta sake rufewa, ango ya koma barci. Amarya ta zungura har ta gaji.

Shi ya sa har yau garwashinsa biyu suna ɓoye a ciki, iskar damina ta hura su, rani ya lafar da su. In kun ga kunkuru na bin matarsa yana gyaɗa kai, ku ce wa Baba ya wasa fartanya. Sauran watannin kuwa, baiwar Allah Kififiya ce ke yawon maƙwabta ɗiban wuta.