Suna Ɗaya a Takardar Barau

Ku gyara zama, ga wata magana da nake so ku raba mini gardama a kanta.

A wani gari da ke bakin layin dogo an yi wani koci, Barau, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da ƙwallon gora. Shekara goma sha biyu ba a ɗauki ɗan garin ko ɗaya zuwa ƙungiyar jiha ba. Sai ga takarda ta zo, an ce ya aiko da suna ɗaya bayan wasan ƙarshe na kofi. Wanda ya kawo takardar ya ja shi gefe ya ce, "Koci, don Allah ka duba da kyau. In wanda ka turo ya yi abin kunya, an rufe muku ƙofa ke nan."

Hankalin Barau ya tashi, don gwanayensa uku ne, kuma ba wanda ake ambata da alheri. Tsalha mafaɗaci ne, jan katin da ya sha ya fi ƙwallayen da ya ci. Ilu kuwa maguɗi ne sana'arsa: zai tare ƙwallo da ƙafa, abin da doka ta hana, ya rantse gora ce. Jatau shi ne sarkin son kai, gara ƙwallo ta fita waje da ya miƙa wa wani. Duk jihar an san halinsu, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa tsayawa ya kalli yadda suke riƙe gora.

Ranar wasa, ba a daɗe da farawa ba ƙwallo ta shiga ragar baƙin da suka zo karawa da su daga wurin Ilu. Alƙali ya hura usur, fili ya ruɗe. Sai Ilu ya taka ya same shi ya ce, "Yallaɓai, ƙafata ta taɓa." Aka soke cin. Barau ya kama kai, magoya baya suka yi ta zagi. Kafin hutu kuma baƙin suka jefa musu ɗaya.

Da aka dawo, wani mai tsaron bayan baƙin, wanda tun safe yake tsokanar Tsalha, ya ɗaga gora ya fasa masa baki har haƙori ya faɗi. Kowa ya miƙe yana jiran dambe. Tsalha ya ajiye gorarsa a ƙasa, ya mai da hannuwa baya, ya tsaya jini na zuba a rigarsa. Aka kori mutumin, aka ba su fenareti, suka farke. Da Tsalha ya rama, da shi ma an kore shi.

Saura minti biyar Jatau ya yanke mutum uku, ya rage daga shi sai gola. A nan ne ya saba bugawa ko ta ina. Wannan karon ya gangara wa abokin wasansa da ke tsaye shi kaɗai, shi kuma ya tura ta raga. Biyu da ɗaya.

A daƙiƙar ƙarshe baƙi suka buga wata ƙwallo ta wuce gola, Ilu ya zabura ya kwashe ta a kan layi. Baƙi suka ce ta shiga. Alƙali bai gani ba, jikin mutane ya tare shi. Ya dubi Ilu, ya tuna abin da ya faru ɗazu, ya tambaye shi. Ilu ya ce, "Ba ta shiga ba." Alƙali ya yarda, ya tashi wasa, kofi ya zauna a gari.

Barau ya yi murna har da hawaye, amma ba ta kai shi gida ba. Tun a bakin fili ya ji ana cewa Tsalha ba haƙuri ya yi ba, jiri ne ya ɗebe shi. Jatau kuwa wai ƙwallon ce ta kuɓuce masa. Ilu kuma, in ji su, ya sayar da ƙaramar gaskiya ne don a sayi babbar ƙaryarsa. Abin ya yi wa Barau ciwo, kuma abin da ya fi ciwo shi ne shi kansa bai iya rantsewa a kan ko ɗayansu ba, duk da shi ya raine su.

Washegari ya zauna a kan bencin fili da takarda da biro, su ukun suna tsaye a gabansa, Tsalha da kumburarren baki. Ba don Tsalha ba, da ba a farke ba. Ba don Jatau ba, da ba a ci ta biyu ba. Ba don an yarda da Ilu ba, da kofi bai tabbata ba.

To, ku da kuka ji abin da suka yi, kuka kuma ji abin da aka ce, sunan wa Barau zai rubuta?