Kafofin Ɗakin Gara

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Malam.

To ku nutsu, ba na maimaita magana.

Zaki ya sa Gara ta gina wa 'ya'yansa ɗaki. Ta kwaɓa ƙasar wurin, ta yi bango mai kauri, ta bar kafofi ƙasa da sama don iska ta shiga, zafi ya fita.

Dila ya zo ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗakin sarki da huji kamar rariya? Aikin ƙauye!" Ya toshe kafofin duka.

Da bazara ta shigo, 'ya'yan Zaki suka sume don zafi. Aka kira Gara.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya toshe shi zai buɗe, yanzu, da farcensa, ya kuma janye maganarsa gaban jama'a."

Dila ya yi ta ƙwaƙula yana cewa, "Aikin gwanaye ne, Gwaggo Gara." Iska ta ratsa, yaran suka farfaɗo.

Ku ma da kuke kiran Gara maɓarnaciya, har yau tana jiran ban haƙurinku.

Ƙurunƙus kan kusu, tatsuniya ta koma gida.