Tantabarun Takarda da Bencin Baba Mai Zif

Akwai wani bawan Allah da ake ce wa Mai Almakashi, saboda ko duba mara lafiya zai je, sai ka ga kan almakashi ya leƙo daga aljihun rigarsa. Gwanintarsa ita ce yanka takarda da naɗe ta. Zai fitar maka da tsuntsu ko kifi ko fure, har ka rantse yanzu za su motsa.

Da rana yana koyar da zane a wata makarantar firamare. Da yamma kuwa falonsu ne ke komawa shago. Matarsa takan ce ita kaɗai ce mace a garin da ke sharo tsuntsaye daga ƙarƙashin kujera kowace safiya.

Burinsa ɗaya ne, ya ga aikinsa a bakin titi inda kowa zai kalla ba sai ya biya ba. Majalisar birni tana da wani kwamiti da ke ba masu fasaha tallafi su ƙawata wuraren jama'a na ɗan lokaci. Ya nema an hana shi, ya sake nema an sake hana shi. A zuwansa na ƙarshe wani ɗan kwamitin har dariya ya yi masa.

"Takarda fa ka ce? Yayyafi ɗaya ya wanke mana tallafin ke nan."

Maganar ta tsaya masa a rai. Shi ya sa da shekara ta zagayo, ya bi gari lungu-lungu har ya samo bangon da ruwa ba ya taɓawa. Bangon ɗakin karatu ne na birni, daura da tashar bas, rufinsa ya fito sosai ya yi masa rumfa. A nan ya tsara zai liƙa fararen tantabarun takarda, su taso daga ƙasa suna hawa har ƙarƙashin rufin. Su yi 'yan makonni, a sauke su.

Sai dai bangon yana da mai shi, ko da ba a rubuce ba.

Wani dattijo ne mai gyaran zif da hannun jaka, kowa Baba Mai Zif yake ce masa. Kayan aikinsa ba su da yawa: akwatin katako, filaya, allurai, zare mai kauri, da guntun kyandir da yake gogawa a haƙoran zif idan ya ƙi tafiya. Bencinsa a nan yake kwana, ɗaure da sarƙa a jikin bututun ruwa.

Ku fahimci wani abu game da wannan sana'a. Babu mai tsallake gari don ya gyara zif. A tasha jaka ke yagewa, lokacin da ake turereniyar shiga mota, kuma wanda ido ya fara gani shi ake miƙa wa. Ka ɗauke Baba daga bakin tashar nan, ka ɗauke masa abinci.

Ranar da Mai Almakashi ya zo auna bango, Baba ne ya riƙe masa bakin abin awo. Da tsawon Mai Almakashi ya gaza, Baba ya kwance bencin ya ce masa ya hau.

"Taka a hankali, ɗana, ƙafarsa ɗaya ta girme ka."

Daga nan suka saba. Idan Mai Almakashi ya zo da naɗin takardu, a bayan akwatin Baba yake ajiyewa ya tafi makaranta. Baba bai taɓa gane amfanin tsuntsun da ba ya tashi ba, kuma bai ɓoye ba. Amma kullum sai ya tambaya, "Yaya mutanen ofis, sun amsa?"

Kwamitin ya buƙaci hoton wurin. Masu irin wannan aiki suna son hoton bango tas, babu mutum babu kaya, don su zana tsarinsu a kai. Mai Almakashi ya yi sammako kafin Baba ya fito. Ya ja bencin iya tsawon sarƙarsa, ya karkata wayarsa kaɗan, bencin ya fita daga hoto. Ya mayar da shi yadda ya same shi, har ya kaɗe masa ƙura.

Har zuwa nan, ni ban ga laifinsa ba.

Ranar zaman kwamiti ya saka rigarsa mai kyau, ya jera samfurin tantabarunsa a kan tebur. Mai dariyar bara ya ɗauki ɗaya ya jujjuya ya ajiye. Shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai tabarau da ba ta son dogon bayani, ta daɗe tana kallon hoton.

"Wurin ya yi. Tambaya ɗaya gare ni. Akwai mai amfani da bangon nan? Mai sana'a, ko mai zama?"

Mai Almakashi ya san ƙa'idar. Idan akwai wani a wurin, sai an kira shi an ji ta bakinsa kafin a amince. Ya kuma san yadda ofis yake, abu kaɗan ke sa a ce a dawo zama na gaba, zama na gaba kuma ya zama baɗi. Idan kuma tsohon ya ce bai yarda ba fa? Bai taɓa tambayarsa ba, don tsoron amsar.

"Babu kowa, ranki ya daɗe. Kamar yadda kika gani a hoto."

Aka amince a take.

Ya shiga gida bakinsa har kunne. Matarsa ta yi murna, ta ce yau dai tsuntsayen za su bar mata falo. Tana zuba masa abinci ta ce, "Shi Baban fa, ina zai zauna?"

"Zai ɗan matsa gefe. 'Yan makonni ne kawai."

"Ka gaya masa?"

"Zan gaya masa."

Bai gaya masa ba. Kullum ya tunkari bencin da niyyar magana, sai Baba ya tare shi da fara'a, shi kuma ya ɓige da hirar zafin rana.

Ana saura kwanaki a fara liƙi, ma'aikatan majalisa suka zo da mota don su wanke bango su yi masa fenti. Suka tarar da dattijo da benci a wurin da aka ce musu babu kowa. A wajensu wannan mai zaman ba izini ne. Suka yanke sarƙar, suka ce ya tattara.

Mai Almakashi yana wurin, a kan tsani, da zare a hannu.

Baba ya ɗaga kai ya dube shi. Mutumin naku ya yi tsuru-tsuru, ya ƙura wa bango ido kamar yau ya fara ganinsa. Kalma ɗaya daga bakinsa za ta iya tsayar da su, amma kalmar nan ita ce za ta tona abin da ya faɗa a ofis.

Baba ne ma ya sauƙaƙa masa. Ya ce wa ma'aikatan, "Ku bar jan bencin, zai karye, zan ɗauka da kaina. Kada ku ɓata wa yaron nan aikinsa, ya daɗe yana nema." Ya juyo ya ce, "Kada ka damu, ɗana. Idan tsuntsayenka sun tashi, sai in dawo."

Ya ɗora akwatin a kan bencin, wani mai baro ya taimaka masa suka tsallaka titi.

Aikin ya yi kyau, wannan babu musu. Masu jiran bas suka riƙa mantawa da bas. Yara suna ƙirga tantabaru suna rikicewa, 'yan mata suna ɗaukar hoto, har mai dariyar bara ya zo da iyalinsa. Ranar buɗewa sai ga Baba cikin wankakkiyar riga, yana ratsa mutane yana gaya wa duk wanda ya tsaya, "Ni na riƙe masa awo."

Mai Almakashi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ana yabonsa yana murmushin yaƙe.

Baba ya koma wani lungu a bayan shagunan tayoyi, inda babu mai wucewa da jaka. Mai Almakashi ya hango shi sau da yawa daga cikin bas, zaune da filaya a hannu babu abin matsawa. Sai ya sunkuyar da kai, ya ce wa zuciyarsa saura kaɗan.

Makonnin suka cika. Aka sauke tantabarun, aka cusa su a buhuna. Washegari Baba ya turo bencinsa a baro ya dawo, ya tarar an kafa ƙarafa an zagaye gaban bangon. Saboda yadda jama'a suka so aikin, majalisa ta mayar da wurin dandalin nuna fasaha na dindindin. Mai gadi ya ce masa ba a zama.

A makon ne kuma aka kira Mai Almakashi a waya. Kwamitin yana so ya sake yin wani aikin, wanda ya fi na farko girma.

Ya gaya wa matarsa, yana jiran murna. Ta ci gaba da ninke kayan wanki.

"Ka ga Baba kuwa?"

"Ba ni na kafa ƙarafan ba."

"Ban ce kai ka kafa ba. Me ka ce musu ranar da suka tambaye ka?"

Bai taɓa gaya mata an tambaye shi ba. Ta dai san mijinta ne, ta ga yadda ya daina cin abinci da kyau, ya daina taɓa almakashi. Ya zauna a hannun kujera ya faɗa mata komai. Ba ta yi masa faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Tsuntsayenka na 'yan makonni ne, shi kuwa wurin nan rayuwarsa ce."

Duk da haka sai da ya ƙara jan ƙafa. Yau ya ce jarrabawar yara, gobe ya ce shugabar ba ta nan. Tallafin nan na biyu yake tsoron rasawa, kada mu yi wa juna ƙarya. Sai da zaman kwamiti ya zo da kansa, aka ba shi dama ya yi bayanin sabon aiki, sannan ya miƙe ba tare da samfuri ko ɗaya ba.

"Ranki ya daɗe, kin tambaye ni ko akwai mai amfani da bangon, na ce babu. Ƙarya na yi. Akwai dattijo a wurin tun kafin in san hanyar tashar. Ni na ja bencinsa na fitar daga hoto."

Shugabar ta cire tabarau ta dube shi.

"Ka san da bakinka muka kori mutum?"

"Na sani."

Aka janye tallafin na biyu a zaman. Maganar Baba kuwa aka ce za a duba, kun kuma san yadda dubawar ofis take. Mai Almakashi ya yi ta sintiri har masu gadi suka san shi. Bayan watanni aka yarda a buɗe gefe ɗaya na ƙarafan, dattijon ya dawo da bencinsa.

Ya tafi lungun shagunan tayoyi da saurinsa. Babu benci, babu akwati. Wani mai faci ya ce masa ai Baba ya daɗe da tashi. Ciniki ya mutu, haya ta gagare shi, ya sayar da kayan aikin, 'yarsa ta zo ta tafi da shi garin da take aure. Ya ba shi lambar 'yar.

A tsaye a wurin ya kira. Da aka miƙa wa Baba wayar, muryarsa ta fito da fara'arta.

"Mai tantabaru ne? Yaya aiki? Me za ka liƙa musu bana?"

"Baba, an mayar maka da wurinka."

"Allah sarki. Ai na sayar da filayar, ɗana. Ƙafar ma ta ƙi tun da na zauna. An gode musu dai."

"Baba, akwai abin da ban gaya maka ba."

Ya faɗa masa duka, hoton, tambayar shugaba, da amsar da ya bayar. Ya faɗa masa cewa ranar da aka yanke sarƙar ya san dalili, ya yi shiru.

"Ashe tambayarka aka yi," in ji Baba a hankali. "Ni na ɗauka haka dokarsu take."

"Ka yafe mini, Baba."

"Na yafe. Amma ɗana, me ya hana ka gaya mini? Da ka faɗa, ai da na saka rigata na bi ka ofishin, na ce musu na yarda. Ni ma ina son in ga tsuntsayen nan."

Mai Almakashi ya tsaya riƙe da waya a kunne har 'yar ta karɓa ta ce Baba ya gaji, zai kwanta.

Darasi: Kada son cikar burinka ya sa ka share wani daga wurinsa, ko da da kalma ɗaya ce. Abin da kake ganin na 'yan kwanaki ne a wajenka, wataƙila shi ne abincin wani gaba ɗaya. Ka tambayi mutum kafin ka yanke hukunci a kansa, kuma idan ka yi kuskure ka gyara da wuri, don yafiya tana samuwa amma ba kullum abin da ya lalace ke dawowa ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ke da gaskiyar da yake ta jinkirin faɗa.