Mata Uku da Suka Saɓa wa Iya Tabawa

Ku gyara zama, yau gardama na kawo muku.

A wani gari an yi wata mai girkin biki, Iya Tabawa. Shekara kusan ashirin tana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, tana shan maganinta ba fashi. Takan ce, "Cutar nan ta kai mijina kabari, ni kuwa sai ta gaji ta bar ni." Da tsufa ya zo, sai hawan jini ya biyo baya, gwiwa ma ta ce ga ta. Maganin cutar a asibiti ɗaya take karɓa, na hawan jini a wani, na gwiwa a kemis, ga jiƙon da ƙanin mijinta ke aiko mata. Ba likitan da ya san abin da ɗan'uwansa ya rubuta, domin ta rantse likitan hawan jini ba zai ji sirrinta ba, ɗan unguwarsu ne, a gabanta aka yi sunansa.

Ranar wani ɗaurin aure jiri ya kayar da ita a bakin murhu, ƙafafunta a kumbure. Mata uku da ke girki a ƙarƙashinta, Sahura da Ladidi da Kande, waɗanda su kaɗai suka san halin da take ciki, suka kai ta asibiti.

Likita ya nemi ganin magungunan da take sha, Iya ta hana kowa taɓa ɗakinta. Sahura ta koma ta ɓalle ƙofar, ta kwashe duk wani magani, har wanda ke ɓoye a ƙasan kwalla, ta zube su gaban likita.

Likita ya ɗauki wata roba da aka kankare sunanta, ya tambaya na mene ne. Iya ta harare su, ta ce wadda ta buɗe baki ba ita ba ita. Ladidi ta ce, "Iya, ki yi fushi da ni kina raye." Ta faɗa wa likita na tsohuwar cutar ne. Nan likita ya gane maganin gwiwa ne ya haɗu da sauran yana cin ƙodarta. Ya hana shi, ya sauya wasu, ya kira ɗaya asibitin suka daidaita.

Da aka sallame ta, dangi suka cika gidan, kowa da saiwarsa. Iya ta ce ba ta son mai gadi. Kande ta shimfiɗa tabarmarta a ƙofar ɗakin duk da haka, watanni tana ba ta kowane magani a kan lokacinsa. Ƙanin mijin ya zo da jiƙo, ta tare shi. "Baba, sai likita ya gani." Ya zage ta, ba ta gusa ba.

Iya ta miƙe. Bikin farko da ta koma, da ƙafarta ta je, ta ce wa masu kallonta, "Wanda ya tanadi likkafani ya ajiye wa kansa." Amma ta san gwiwarta ta gama tsayuwar murhu, dole ta miƙa manyan tukwanenta da masu kiranta biki ga mutum ɗaya. Ta duba su ukun: kowacce ta taka maganarta, kuma da ɗaya ta yi mata biyayya da tuni an yi sadakar bakwai.

To, jama'a, tsakanin Sahura da Ladidi da Kande, wa za ta ba?