Hayaƙin Da Inna Take Jira

An yi wani manomi, Habila sunansa, wanda yake noma a kwari, mahaifiyarsa kuwa tana can ƙauyensu a bisa dutse. Tsohuwar ta makance shekara biyar ke nan, ƙanwarsa Rifkatu ce take kula da ita. A tsakaninsu akwai hanya mai duwatsu, da wani rafi wanda akuya ma take tsallakewa da rani. Amma da zarar damina ta sauka sai ya cika ya batse, ba mai haye shi sai kaka.

Habila yana da babur irin na hawan dutse, wanda ake gauraya masa man inji a cikin fetur. Irin wannan babur ba ya tafiya sai da hayaƙi. Kowane ƙarshen wata yakan hau shi ya je gaida Inna. Tun yana gindin dutse take jin ƙararsa, in iska ta kawo mata warin hayaƙin kuwa, sai ta ce, "Rifkatu, ɗora tukunya, ɗana ya iso."

To, mutanen kwari ba sa ganin abin dariya su bar shi. In ya wuce kasuwa sai su ce, "Habila, tafiya kake yi ko gona kake ƙonawa?" Ko a bakin majami'a ba su ƙyale shi ba, har suna suka sa masa, wai Mai Korar Sauro. Yakan yi dariya tare da su, amma abin yana cinsa a rai.

Da gwangwanin tumatir yake auna man. Sai ya rage, daga gwangwani biyu zuwa ɗaya, daga ɗaya zuwa rabi. Hayaƙi ya ragu, ba'a ta ragu, Habila ya ji daɗi. Kullum da safe ya wanke babur ɗin ya goge shi, har mutum ya ga fuskarsa a jikin tanki.

Da ya je gida a watan nan, Inna ta shafa fuskarsa ta ce, "Na ji ƙara, amma ban ji warin ba. Na ce baƙo ne." Ya yi dariya ya ce, "Inna, ai gyara na yi."

Ana nan sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Habila ya san kwanakin hanya sun kusa ƙarewa, ya kuma san Inna ta tsufa ƙwarai, ba shi da tabbacin zai same ta da kaka. Ya ɗaure buhun masara da gishiri da sabulu ya kama hanya. Bai kai rabin hawa ba sai injin ya yi wata irin ƙara, ya cije, ya mutu. Ya buga, ya buga, har gumi ya jiƙa rigarsa. Da turi ya komo kwari.

Ya kai shi wurin Baba Zakka, wani tsohon bakanike. Ya ce, "Baba, filogi ne. A canja mini in tafi, sauri nake yi."

Baba Zakka ya kwance kan injin, ya zare fistan, ya ɗaga silinda, bututun da fistan yake kai da komo a ciki, ga hasken rana. Sa'an nan ya kama yatsan Habila ya sa a ciki, ya ce, "Ja farcenka a jikin bangon nan."

Habila ya ja. Farcen ya maƙale, ya sake maƙalewa. Bangon da ya kamata ya yi sumul duk ya zama kunya kunya, sai ka ce an bi shi da garma.

"Ba yau wannan ya fara ba, ɗana. Ƙarfe ne ya yi ta cin ƙarfe don ba mai a tsakaninsu. Me ya sa ka hana shi?"

Habila ya sunkuyar da kai ya ce, "Hayaƙin ne, Baba. Dariya ake mini."

"To, ina masu dariyar? A cikinsu wa ya taya ka turi?"

Habila ya roƙe shi ya sa wa fistan sabon zobe kawai ya rufe. Tsohon ya ƙi. Ya ce zanen ya yi zurfi, zai cinye sabon zoben kafin a kai rafi. Sai an kai birni an kankare cikin silindar har zanen ya ɓace, a sa fistan daidai da ita. Kwana huɗu.

Kwana huɗun nan Habila bai iya cin abinci sosai ba. Yana cikin gona, idonsa yana kan dutse. Kewar Inna ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. A rana ta uku aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Ran nan da aka haɗa injin, Baba Zakka ya auna gwangwani biyu cif da hannunsa, ya ce, "Ka bi shi a hankali, sabon rauni ne." Habila ya hau a hankali, hayaƙi yana binsa. Da ya kai rafi ya tarar ya cika, jajayen ruwa suna tafe da itatuwa. Can ƙetare, a gindin ɗorawa, ga Inna zaune, Rifkatu tana tsaye kusa da ita. Da ta ga shiru bai zo ba, ta sa an kawo ta nan ta jira shi. Ya yi kira, ƙugin ruwa ya haɗiye muryarsa.

Sai ya murɗa mai. Hayaƙi ya tashi, iska ta ɗauke shi ta haye da shi. Ya ga tsohuwar ta ɗaga kai, ta miƙe da ƙyar, ta miƙo hannuwanta biyu wajen rafin. Habila ma ya miƙa nasa, yana kuka. Ta gane shi, amma taɓa fuskarsa sai kaka, in Allah ya kai su.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Babur ɗin zuciyarka ce. Man shi ne addu'a da Maganar Allah. Hayaƙin kuwa shi ne abin da mutane suke gani a rayuwarka su yi maka ba'a, cewa ka cika zuwa sujada, ka cika addu'a kafin ka ci abinci. Yawancinmu ba mu daina ba, ragewa muka yi, rabin gwangwani rabin gwangwani, don a bar mu mu sha iska. Waje yana ƙyalli, ciki kuwa fushi da ƙyashi suna ta zane, ba wanda ya sani sai ranar hawa.

Ubangiji Yesu shi ne mai gyaran. Ba ya rufe rauni da sabon zobe. Yakan buɗe, ya sa yatsanka a wurin, ya kankare, da zafi kuwa. Yana gyarawa sarai, amma kwanakin da suka wuce ba sa dawowa. Kada ka jira sai hadari ya haɗu. Akwai wanda yake zaune a ƙetare yana marmarin zuwanka, abin nan kuwa da kake jin kunyarsa, da shi yake gane kai nasa ne.